Yadda Na Sha Fama da Na'urar Riƙe Gudu ta Babur Bayan An Canja Min Makunnin Birki

Na rubuta wannan ne saboda masu manyan babura na doguwar tafiya, musamman wanda na'urar riƙe gudunsa, wadda mahaya ke kira kuruz, ta ƙi kamawa bayan bakanike ya taɓa wani makunni a kan babur ɗin. Nawa Honda Gold Wing GL1800 ne ƙirar 2008, ɗan Kwatano, cikin waɗanda aka haɗa a masana'antar Marysville da ke jihar Ohio a Amurka kafin a mayar da ƙirarsu Kumamoto a Japan. Injinsa silinda shida ne, cc 1,832, giya biyar ga kuma ribas, nauyinsa kuwa yana kai wa kilo 400. Wanda bai taɓa hawa ba zai ce kuruz a babur ai gayu ne kawai. Wanda ya taɓa murɗa totur daga Kano har Kaduna bai saki ba, shi ya san yadda tsintsiyar hannun dama take sagewa, yatsu su riƙa yi masa zir-zir kamar ba nasa ba.

Abin ya samo asali ne daga wurin wani ɗaurin aure. Na kafe babur ɗin a gefen katanga, wani mai mota ya zo yin baya ya ɗan tura shi, ya kwanta ta dama, hannun babur ɗin ya daki katangar. Ƙarafan kariyar da ke gefen inji sun tare jikin, fenti ma bai kwarzane sosai ba, amma libar birkin gaba ta lanƙwashe, ɗan makunnin da ke ƙarƙashinta kuma ya fashe. Tun daga nan danja ta tsaya a kunne, ko ka kama birki ko ba ka kama ba. Washegari na kai wa bakaniken unguwarmu, wanda shi ke yi min juyen mai da ƙananan gyare-gyare, yaro mai hannu da ladabi. Ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, zauna ka sha ruwa." Ya tura yaronsa Fagge wajen 'yan kayan babura, kafin la'asar an dawo da sabuwar liba da sabon makunni a leda. Ya ɗaura, ya kama birki danja ta kawo, ya saki ta ɗauke. Na biya naira 12,000 har da kuɗin aiki, na tafi ina sa masa albarka. A cikin gari babu mai kunna kuruz, don haka ban san an bar baya da ƙura ba sai da tafiyar Zariya ta kama ni.

Bayan na wuce Kura hanya ta buɗe, na shiga giya ta biyar, na danna babban maɓallin kuruz da ke hannun dama. Fitilar CRUISE ON ta kawo a allo kamar kullum. Na danna SET, na sassauta totur, sai kawai babur ya fara rage gudu. Fitila ta biyu, wato CRUISE SET, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na sake, na sake, shiru. Wannan babur yana da sharuɗɗansa: ba ya riƙe gudu sai kana giya ta huɗu ko ta biyar, kuma gudun ya kasance tsakanin mil 30 da 100 a awa, wato kilomita 48 zuwa 161. Duk na cika su. A Kwanar Ɗangora na tsaya na kashe inji na sake tayarwa, irin dabarar da muke yi wa waya idan ta sandare, ba ta yi amfani ba. Haka na je na dawo da totur a hannu, raina a ɓace, domin kafin faɗuwar nan na'urar ba ta taɓa yi min gardama ba.

Na koma wajen bakaniken na faɗa masa. Ya kama birki, ya leƙa baya, ya nuna min danja da yatsa ya ce, "Ga aikina nan yana yi, Alhaji." Kuma gaskiyarsa, abin da aka kawo masa ya gyara. Duk da haka ya buɗe murfin gefen hagu inda batir da akwatin fis suke, muka zare fis ɗaya bayan ɗaya muna ɗagawa a hasken rana, babu wanda ya ƙone. Ya fesa maganin wanke waya a maɓallan hannun dama, ya ce wataƙila ƙurar hunturu ce ta cushe su, wanda ba ƙarya ba ne tana yi, amma a nan ba ita ba ce. Daga ƙarshe ya share gumi ya yanke hukuncin da kowane bakanike ke yankewa idan wuta ta fi ƙarfinsa: ƙwaƙwalwa, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa na'urar, ita ce ta taɓu lokacin da babur ya faɗi. Wannan kalma ta ƙwaƙwalwa ita ce ta ci min lokaci fiye da komai, domin da zarar an furta ta, kowa sai ya daina duba ƙananan abubuwa.

Daga nan aka tura ni wajen masu duba mota da kwamfuta. Na yi zaman jira tun hantsi har aka kira azahar, ga motoci a layi, ga yara sun kewaye babur suna shafa shi. Da layi ya zo kaina, mai aikin ya ɗauko na'urarsa ya zagaya babur ɗin yana neman inda zai cusa. Soket ɗin motoci mai baki 16 ne, babur na wancan zamanin kuwa nasa daban ne, ba sa shiga juna. Mutumin bai ɓata min lokaci da kame-kame ba. Ya ce ko da ya shiga, tunda fitilar matsalar inji ba ta kawo ba, da wuya a ga wani abu. Na ba shi naira 2,000 na tsayuwar da ya yi. A daren na yi waya da wani mai sayar da kayan manyan babura a Legas na tambayi kuɗin ƙwaƙwalwar. A wannan babur akwati ɗaya ne ke kula da kuruz da ribas. Kuɗin da ya faɗa min na tsohuwa zai sayi ƙaramin babur na hannu, kuma idan ka saya ba a mayarwa. Abin da ya tsayar da ni tunani guda ne: ribas ɗina yana aiki lafiya lau, fitilar CRUISE ON ma tana kawowa. Akwatin da ya mutu ta yaya zai riƙa yin rabin aikinsa?

Wani abokin hawa a Abuja ya turo min littafin gyaran babur ɗin ta WhatsApp, mai ɗaruruwan shafuka. Na je shagon buga takardu na fitar da shafukan da suka shafi kuruz da zanen wayoyinsa, na sa aka yi min zanen da girma don layukan su fito. Abokin nan ne ya ba ni shawarar kada in sake neman mai babur, in nemi tsohon mai wayarin ɗin mota wanda ya iya karanta zane da riƙe mitar auna wuta. An kwatanta min wani dattijo a wajen Ƙofar Ruwa. Rumfarsa ba ta da girma, tsofaffin batura ne a jibge da dunƙulen wayoyi rataye a jikin kwano. Na same shi a kan wata tsohuwar mota, ya amsa sallamata ya nuna min benci, bai sake kallona ba sai da ya gama. Da ya zo, bai karɓi takardun ba tukuna. Ya ce, "Ɗana, kafin abin ya daina aiki, mene ne na ƙarshe da aka taɓa?" Na ce, "Baba, libar birkin gaba ce da makunninta, amma wannan yana aiki, danja tana kawowa." Ya ce, "Ban tambaye ka danja ba."

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Ya sa yaronsa ya kashe rediyo. Ya sunkuya ya kai kunnensa kusa da hannun hagu, ya ja libar kuloci a hankali, a hankali sosai. Aka ji ƙas tun liba ba ta yi nisa ba, sannan can da ta kusa taɓa hannu aka ji wani ƙas ɗin. Ya zagaya dama, ya ja libar birki haka nan. Ƙas ɗaya tak. Ya sake, ɗaya dai. Ya miƙe ya ce in ba shi takardun. Ya sa tabarau, ya bi layin zanen da farcensa mai baƙin mai har ya iso birkin gaba, ya ƙwanƙwasa wurin. A zanen, makunnai biyu ne a wurin: ɗaya na kunna danja, ɗaya na kashe kuruz. Ya ɗauko sukudireba ya kwance abin da aka ɗaura min. Irin makunnin ƙananan babura ne mai ƙafa biyu, wato wurin cusa waya biyu kacal. Ya sa yatsa ya laluba cikin robar da ta lulluɓe wayoyin hannu, ya jawo wasu wayoyi biyu da aka naɗe kawunansu da baƙin salatif aka tura ciki. An naɗe su tsaf, aikin mai tsabta, wanda ya ga wayoyi sun yi masa yawa ya adana su kada su taɓa ƙarfe.

Baba ya yi min bayani a tsaye, mita a hannunsa. Makunnin danja, idan ba ka kama birki ba, a yanke yake, sai ka kama ya haɗa wuta fitila ta kawo. Na kuruz kuwa akasin haka ne: idan liba tana hutawa a haɗe yake, da ka taɓa ta sai ya yanke. An yi shi haka da gangan, domin idan waya ta tsinke ko ta zare, na'urar ta ɗauka birki aka kama ta saki totur, kada ta ci gaba da jan babur da kai. Wato tun ranar da aka naɗe wayoyin nan, a wurin akwatin hannuna yana kan birki dare da rana. Kuma ba birkin gaba kaɗai yake sauraro ba. Akwai irin wannan makunni a birkin ƙafa, akwai a kuloci, akwai kuma wanda ke aiki idan ka murɗa totur baya ka rufe shi gaba ɗaya. Baba ya ce kamar ɗaurin aure ne, ko ango da sadaki suna nan, idan waliyyi ɗaya bai zo ba liman ba zai ɗaura ba. Fitilar CRUISE ON tana nuna maka wuta ta isa akwatin ne kawai, ba ta ce an cika sharuɗɗa ba.

Yaronsa da ke tsaye ya ce, "To Baba, a haɗe wayoyin biyu mana a wuce wurin." Dattijon ya harare shi. Ya ce za a haɗa, amma na gwaji kawai. Ya yanko guntuwar waya ya gama su, ya ce in fita in sami miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, in gwada sau ɗaya, ƙafata a kan birkin baya, in dawo nan take. Na ce ko mu ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya mu sa giya a gwada a rumfa? Ya ce shi ba za a juya tayar abu mai nauyin nan a gudun kilomita 50 a gaban shagonsa ba. Na fita bayan gari, na kai gudun da ake buƙata, na danna SET. Fitila ta biyu ta kawo, na ji totur ya ɗan motsa da kansa a tafin hannuna, babur ya riƙe. Sai da na yi hamdala da ƙarfi cikin hular kwano. Na dawo, Baba ya zare guntuwar wayar a gabana ya jefa ta cikin gwangwani. Ya ce barin ta yana nufin ka rufe ɗaya daga cikin ƙofofin da na'urar ke jin umarnin tsayawa, kuma ranar da akuya za ta faɗo maka titi ba ranar gwaji ba ce. Ya karɓi naira 7,000.

Sai neman makunnin gaskiya. Na zagaya Fagge da Sabon Gari, kowa ya ga hoton sai ya miƙo min mai ƙafa biyu ya ce duk ɗaya ne. Na koma kan mutumin Legas. A nan na koyi cewa faɗin sunan babur ba ya wadatarwa. Ya nemi hoton lambar jikin babur mai haruffa da alƙaluma 17 da ke wuyan firam, da shekarar ƙira, da hoton wurin da makunnin ke zama, da na kawunan wayoyin huɗu. Ni kuma na nemi ya ɗauko min bidiyo yana danna makunnin da mita a jiki kafin in tura ko sisi, kuma ya rubuto rasit. Ya samo daga wani babur da aka yanka, naira 38,000, kuɗin mota 4,000. Aka sa a motar dare, ya turo min hoton takardar kaya da lambar wayar yaron mota. An ce gobe, goben ta zama jibi, jibin ta ƙara gaba, wayar yaron motar kuma a kashe. Da kayan suka iso na je tasha a Sabon Gari da katin shaida, aka duba sunana a littafi, na sa hannu, aka miƙo min ƙunshin da bai kai akwatin ashana biyu ba, an naɗe shi da salatif kamar layar tsari. Baba ya auna shi da mita kafin ya ɗaura, ya mayar da kowace waya mazauninta bisa launin da ke zanen, ya ja liba: ƙas, ƙas. Na farkon shi ne na kuruz, domin an tsara ya saki totur tun kafin birki ya fara ci.

Na ɗauka an gama. A kan kwalta mai santsi kuruz yana kamawa yana riƙewa. Amma da na bi hanyar Wudil, duk inda taya ta taka gargada ko faci, sai fitilar SET ta ɗauke, babur ya saki. Wannan ya fi na farko cin rai, domin ba ka san lokacin da zai sake ka ba, ga kuma zargin ko an sayar min da mataccen kaya. Na kira Baba daga gefen hanya. Ya ce, "Hau ka kunna, ka sa yatsa ɗaya ka tura libar birki gaba, ka riƙe ta a haka ka bi ta gargadar." Na yi, bai saki ba. Na cire yatsa, rami na gaba ya saki. Da na kai masa, ya kama bakin libar ya girgiza ta sama da ƙasa, tana rawa a kan ƙusarta. Libar Fagge ce. Ramin da ƙusa ke shiga ya ɗan fi faɗi, ɗan harshen da ke danne makunnin kuma bai kai tsawon na asali ba. Ga makunni mai ƙafa biyu wannan ba komai ba ne, amma ga na kuruz motsin da bai kai kaurin farce ba ya ishe shi ya yanke. Wani da ke zaune a rumfar ya ce a liƙa guntun roba a harshen. Baba ya ce robar za ta faɗi ranar da ba a shirya ba, kuma ba a yi wa birki ciko. Na sake komawa kan Legas, liba ta asali naira 25,000, aka sake zaman jiran mota. Da ta zo ya wanke ƙusar, ya shafa mata giris kaɗan, ya ɗaure notin ƙasa daidai, ba sako-sako ba kuma ba matsewar da za ta hana liba komawa da kanta ba.

Tunda an riga an buɗe aiki, ya bi sauran. Ya taka birkin ƙafa ya saki yana kallon ko feda tana komawa har sama, domin ƙura da tsatsa kan riƙe ta a rabi, na'urar ta ɗauka ƙafarka na kai. Ya wanke mahaɗarta ya sa mai. Ya auna wasan totur, wanda littafin ya ce ya kasance tsakanin milimita 2 da 6. Idan aka ɗaure wayar totur tamau, shi ma yana iya hana kuruz zama. Ya duba libar kuloci ya ce ita ma idan ta tsufa ta fara rawa, irin wannan ciwon take kawowa, kuma gwajinta ɗaya ne, ka tura ta gaba da yatsa ka danna SET. Tawa da sauranta.

Idan na haɗa lissafi, gyaran gaskiya bai kai rabin kuɗin ƙwaƙwalwar da aka so in saya ba, kuma da na saya da ba ta canja komai ba, tunda wayoyin nan biyu za su ci gaba da kwanciya cikin salatif. Ban ga laifin bakaniken unguwarmu sosai ba. Baburan da yake gyarawa kullum babu mai kuruz a cikinsu, a iliminsa makunnin birki aikinsa kunna danja ne, kuma ya kunna. Na koma na nuna masa zanen, ya daɗe yana kallo, ya roƙi in bar masa takardar. Abin da zan ce wa mai irin wannan babur shi ne, duk ranar da za a canja maka makunni ko liba, ka tsaya a wurin, ka ɗauki hoton wayoyin kafin a zare, ka ƙirga ƙafafun tsohon ka ƙirga na sabon, kuma kada ka bari a jefar da tsohon ko da ya farfashe, domin da shi za ka je kasuwa. Idan aka gama aiki waya ta yi saura, ba a gama ba. Ka lura kuma da abin da fitilu ke faɗa: idan CRUISE ON ba ta kawo ba sam, fara da fis da babban maɓalli, idan ta kawo SET ta ƙi, je ka kan makunnan birki da kuloci da totur, ka fara da wanda aka taɓa na ƙarshe, idan yana kamawa yana saki a gargada, nemi abin da ke rawa.

Sababbin Gold Wing daga 2018 totur ɗinsu na lantarki ne, tsarinsu da gudun da suke kamawa sun bambanta da nawa, haka ma na sauran kamfanoni, don haka kowa ya nemi littafin nasa babur ya buga shafin zanen ya ajiye a akwatin baya. Kafin ka ɗauki doguwar hanya bayan irin wannan gyara, sami wuri mara motoci ka kunna kuruz, ka kashe shi da birkin hannu, ka sake kunnawa ka kashe da birkin ƙafa, sannan da kuloci, sannan da rufe totur, ka tabbatar kowannensu shi kaɗai yana sa fitilar SET ta ɗauke nan take. Wanda ya yi jinkiri ko ya ƙi, a koma rumfar mai wayarin kafin a hau titi.